RIZISTA DA DOKAR OHM: DARASIN DA REDIYON MAHAIFINA YA KOYA MINI



Mai girma shugaban wannan taro, iyayenmu malamai, shugabannin ƙungiya, 'yan'uwana tsofaffin ɗalibai, da 'ya'yanmu ɗalibai na yanzu da nake hangowa a bayan ɗaki, barkanmu da ganin wannan rana.

Lokacin da sakatare ya aiko cewa ni zan yi magana bana, na tambaye shi a kan me. Ya ce a kan sana'ata. Na ce sana'ata ai ta waya ce da batir da dalma, anya alhazai da manyan ma'aikata za su zauna su saurare ta? Ya ce muddin kowa na da wayar hannu a aljihu da fitilar sola a gida, to za su saurara. Don haka in na gundure ku, da shi za ku yi kuka.

Zan fara da wata ɓarna da na yi, wadda kaɗan ne daga cikinku suka san ta. A shekarar 1987, shekarar da aka ƙirƙiro Jihar Katsina daga tsohuwar Jihar Kaduna, ina aji uku, na koma hutu ƙauyenmu a ƙasar Batsari. Mahaifina, Allah Ya jiƙansa, yana da rediyo mai cin manyan batura huɗu, wanda mahaifiyata ta ɗinka wa riga saboda ƙura. Kowace yamma dattawan unguwa sukan taru a zaurenmu su ji Kaduna, su ji Landan. To, batura suka yi sanyi. Muka shanya su a rana kamar yadda aka saba, suka ɗan farfaɗo, suka sake mutuwa. Akwai kuwa wani batirin mota da wani kawuna direba ya ajiye a gidan. Ni kuma ɗan boko, sai na ce ai wuta wuta ce. Na samo waya biyu, na haɗa rediyon da batirin motar. Ya yi magana da ƙarfin da bai taɓa yi ba, dattawa suka fara sa mini albarka. Kafin su rufe baki sai muka ji ƙauri, hayaƙi ya fito ta bayan rigar, rediyo ya yi shiru. Mahaifina bai doke ni ba. Kallona kawai ya yi ya ce, "Ashe abin da ake koya muku ke nan?" Sai da aka sayar da akuya kafin zauren ya sake jin labarai.

Da aka dawo makaranta na kai ƙarar kaina wurin malaminmu na kimiyya. Ga shi can zaune, ba zan kama sunansa ba, don ɗalibi ba ya kama sunan malaminsa a bainar jama'a. Malam ya yi dariya har da hawaye, sa'an nan ya ɗauki alli ya ce, "Ƙaramin sani ƙuƙumi ne, zo in kwance maka." Abin da ya rubuta a allo ranar bai wuce layi ɗaya ba, kuma shi nake ci da shi har yau. Shi ne kuma na zo in maimaita muku.

ABUBUWA UKU

Jama'a, duk wanda ya taɓa ganin tankin ruwa a saman gini ya rigaya ya san rabin ilmin lantarki. Abubuwa uku ne a cikin sha'anin ruwan tanki. Na farko, tsawon inda aka ɗora tankin, domin shi ke sa ruwa ya fito da ƙarfi. Na biyu, yawan ruwan da ke wucewa ta cikin tiyo. Na uku, faɗin tiyon ko ƙuncinsa, wanda ke barin ruwa ya wuce ko ya tauye shi.

Haka lantarki yake. Ƙarfin da ke tura shi ana auna shi da bolt. Yawan wanda ke gudana a cikin waya ana auna shi da amfiya. Tauyewar da yake gamuwa da ita a hanya kuma ana auna ta da om. Dukan ukun sunayen mutane ne. Bolt daga Volta ne, mutumin Italiya da ya ƙera batir na farko a 1800. Amfiya daga Ampère ne, Bafaranshe. Om kuwa daga Georg Ohm ne, Bajamushe.

Ina so iyayenmu malamai su ji labarin wannan na ukun da kyau. Ohm ɗan maƙerin kwaɗo da makulli ne, kuma malamin sakandare ne a birnin Kolon, yana koyar da lissafi da kimiyya. Da kayan gwajin makarantar da wayoyin da ya sarrafa da hannunsa ya yi bincikensa, ya buga shi a littafi a 1827. Manyan masanan ƙasarsa ba su karɓe shi da farko ba, har ya ajiye aikin ya shiga halin ƙunci. Sai a 1841 babbar ƙungiyar masana kimiyya ta Landan ta ba shi lambarta ta girma. Yau babu injiniyan lantarki a duniya da zai wuni bai yi aiki da dokar wannan malamin sakandare ba.

Ga dokar: bolt daidai yake da amfiya sau om. In ka san biyu daga ciki, na ukun lissafin ɗan firamare ne. Kana neman amfiya, raba bolt da om. Kana neman om, raba bolt da amfiya. Akwai kuma ƙanwarta: bolt sau amfiya shi ke ba da wat, wato yawan aikin da wutar ke yi, ko yawan zafin da take haifarwa.

Yanzu mu koma zaurenmu. Kowane batirin tocila bolt ɗaya da rabi ne. Guda huɗu a jere sun ba da bolt 6, kuma don bolt 6 aka ƙera rediyon. Batirin mota kuwa bolt 12 ne. A kan hanya guda, in ka ninka bolt, amfiya ma ta ninku, zafi kuma ya zama ninki huɗu, tunda biyu sau biyu huɗu ne. Ƙarar da dattawa suka yaba, ashe kukan ajali ne rediyon yake yi.

ZAGAYE

Lantarki ba ya tafiya sai ya ga hanyar komowa gida. Yakan fita ta kan batir, ya bi waya, ya ratsa ƙwan fitila, ya dawo ta gindin batir. Wannan shi ne zagaye, wanda masu gyara ke kira sakit. Makunni ba komai yake yi ba illa yanke wannan zagaye da sake haɗa shi. Kafin ka ce na'ura ta mutu, bi hanyar da idonka daga kan batir zuwa gindinsa. A shekarun da na yi ina wannan aiki, tsatsa a mazaunin batir da waya da ta tsinke a cikin robarta sun fi komai kawo mini ciniki.

Haɗi iri biyu ne. Akwai haɗin jere, inda kaya ke bin juna a kan hanya ɗaya kamar ayarin raƙuma a ƙuntataccen turba. In ɗaya ya durƙusa, duk ayarin ya tsaya. A nan amfiya ɗaya ce ke ratsa kowa, bolt kuma rarraba shi suke yi, om nasu kuwa tarawa ake yi: om 100 da om 100 sun zama 200. Sai haɗin reshe, wanda ya yi kama da ban-ruwan lambu, inda babban kwararo ke rabuwa kowane fangali ya sami nasa. In aka toshe ɗaya, sauran na ci gaba da sha. A nan kowa cikakken bolt yake samu, kuma da yake hanyoyi sun ƙaru, tauyewa raguwa take yi: om 100 guda biyu a reshe sun zama 50. Fitilun gida haɗin reshe ne, shi ya sa mutuwar ƙwan zaure ba ta kashe na ɗakin uwargida.

RIZISTA

Wannan 'yar abar da nake riƙe da ita, wadda ba ta fi ƙwayar shinkafa biyu ba, ita ce rizista. Aikinta ɗaya ne tak: ta tauye wuta daidai gwargwadon da aka ƙayyade mata, rarar kuma ta mayar da ita zafi. Buɗe rediyo, ko caja, ko fitilar sola, za ka tarar da ita da 'yan'uwanta. Ba ta da gaba ba ta da baya, ta duk inda ka juya ta aiki take yi.

Da yake ta yi ƙanƙanta a rubuta mata lamba, sai aka yi mata zane-zane masu launi, kowane launi da lambarsa. Baƙi sifiri ne, ruwan ƙasa 1, ja 2, ruwan goro 3, ruwan ɗorawa 4, kore 5, shuɗi 6, shunayya 7, ruwan toka 8, fari 9. A mai zane huɗu, zanen farko da na biyu lambobi ne, na uku yana faɗa maka sifiri nawa za ka ƙara, na huɗun kuma yawanci ruwan zinariya ne ko na azurfa. Zinariya na nufin tana iya kaucewa da kashi 5 cikin ɗari, azurfa kashi 10. Misali, ruwan ɗorawa, shunayya, ruwan ƙasa: 4 da 7 da sifiri ɗaya, wato om 470. Ruwan ƙasa, baƙi, ja: 1 da 0 da sifiri biyu, wato om 1,000. Ƙananan da ke kan allon wayar hannu kuwa, in suna da rubutu, lambobi ne a jikinsu, amma tsarin ɗaya ne: 471 na nufin 470.

To, bari mu yi aiki da ita. 'Yan ƙananan ƙwayayen fitilar nan da ake kira el-i-di, su ne yanzu a kowace tocila. Jan ya fito a 1962, shuɗin kuma, wanda daga gare shi ake samun fari, wasu masana uku 'yan asalin Japan ne suka yi nasarar ƙera shi, har aka ba su kyautar Nobel a 2014. Wannan ƙwai yana da hali irin na jinjiri, bai san ƙoshi ba. In ka ba shi wuta kai tsaye zai yi ta sha har ya mutu, don haka dole a sa masa mai tsawatarwa.

Ƙaramin jan ƙwai yana ɗaukar kimanin bolt 2, kuma amfiya 0.02 ta ishe shi. Kana da batir mai bolt 12. Cire 2 daga 12, saura 10, su ne rizista za ta ɗauke. Raba 10 da 0.02, ka sami om 500. A kasuwa 470 da 560 ake samu kusa da haka. Ɗauki 560, wato kore, shuɗi, ruwan ƙasa, domin batirin da ke kan caji yakan haura bolt 14, kuma gara haske ya ɗan ragu da ƙwai ya ƙone. In farare ne, kowanne na ɗaukar kimanin bolt 3. Jera uku, sun ci 9, saura 3. Raba 3 da 0.02, ka sami om 150. Ku duba igiyar fitilun ado mai bolt 12 da ake sayarwa, galibi za ku ga ƙwai uku-uku ne da rizistarsu. Ku lura kuma, shi ƙwan yana da gaba da baya: doguwar ƙafarsa ita ke fuskantar kan batir, mai alamar tarawa.

WAYA MA RIZISTA CE

A nan ne nake roƙon masu gida su buɗe kunne. Yau daga Batsari zuwa Ruma da Wagini, daga Safana zuwa Runka da Zakka, da wuya ka shiga gari ba ka ga farantin sola a kan rufi ba, ko rumfar cajin waya a bakin kasuwa. Mafi yawan masu haɗa su yaranmu ne masu basira, waɗanda suka koya da ido. Kuskuren da na fi gani a wurinsu shi ne siririyar waya.

Ga dalili. Kayan da ke cin wat 120 a kan wutar gari mai bolt 230, kimanin rabin amfiya suke ja. Waɗannan wat 120 ɗin a kan batir mai bolt 12, amfiya 10 ne cur. Wayar tagulla mai kaurin 1.5, irin ta fitilun gida, in aka ja ta mita 10 zuwa, mita 10 dawowa, tauyewarta ta kusa kwatan om. Ninka wannan da amfiya 10, ka ga fiye da bolt 2 sun salwanta a hanya. Kusan kashi ɗaya cikin biyar na wutar da ka saya da kuɗinka ke nan ya tafi wajen ɗumama waya. In aka sa mai kaurin 6, asarar ba ta fi bolt ɗaya ba, ko ma ta kai. In kuwa aka sa wadda ta fi ta farkon siranta, ko aka murɗa mahaɗa da hannu aka naɗe da leda, wurin zai yi ta zafi har roba ta narke, ga shi rufinmu na kara ne da azara. Araha ba ta ado.

Haka kuma farantin da ake ce wa mai bolt 12, in rana ta take yakan ba da kimanin 18, in ba a haɗa shi da komai ba ma ya haura 20. Wanda ya haɗa shi da batir kai tsaye ba tare da kwanturola ba, ɓarnar da na yi wa rediyon mahaifina ce yake yi wa batirinsa, sai dai tasa a hankali take tafiya.

Sai fiyus. An yi shi ne da gangan ya zama mafi rauni a cikin zagaye, domin ya mutu a madadin gida. Wanda fiyus ɗinsa ya tsinke ya cusa waya ko takardar gwangwanin sigari a gurbinsa, ya kori mai gadi ne don ya yi ihu. Haka in ka ga rizista ta ƙone, nemi abin da ya ƙona ta kafin ka sa sabuwa, ruwa ba ya tsami banza.

Ga 'ya'yanmu ɗalibai kuma, gargaɗi uku. Duk gwajin da za ku yi, ku yi shi da batirin tocila ko ƙaramin batir mai bolt 9, kada ku kusanci wutar gari. Jikin mutum ma dokar Ohm yake bi: in yana jiƙe, tauyewarsa na iya sauka zuwa kusan om 1,000, a kan bolt 230 kuwa wannan ya ba da amfiya 0.23, alhali abin da bai kai rabin wannan ba yana iya tsayar da zuciya. Na biyu, batirin mota ba ya jan mutum, amma in sifana ko zobe ya haɗa kawunansa biyu, ɗaruruwan amfiya ne za su wuce, ƙarfe ya yi ja, batir ma na iya fashewa da ruwansa mai cin fata. Na uku, inbata da tsohuwar talabijin suna riƙe wuta a cikinsu ko bayan an kashe su, kada ku sa hannu sai da babba masani.

ROƘONA

Tsararrakina za su tuna da tsarin 6-3-3-4 da aka fara a 1982, wanda ya zo da darasin gabatar da fasaha a ƙananan azuzuwan sakandare. An shigo da injuna masu tsada daga ƙasashen Gabashin Turai, amma a makarantu da yawa na ƙasar nan sun daɗe a cikin akwatunansu, saboda babu wuta, babu ɗakin aiki, babu isassun masu koyarwa. Niyyar mai kyau ce, sai dai an fara ginin daga rufi. Duk abin da na faɗa muku yau ba ya bukatar ko ɗaya daga cikin waɗancan injuna. Malam da alli da batirin tocila ya koya mini shi.

Kun kuma san halin da ƙasarmu ta shiga. Garuruwan da ke gefen Dajin Rugu sun ga tashin hankalin 'yan bindiga, gonaki da dama sun gagari masu su, iyalai sun taso sun dawo cikin Batsari da Safana da Dutsin-ma da Katsina. A watan Satumba na 2021, da aka rufe layukan wayar hannu a ƙananan hukumomi 13 na jihar nan, har da namu biyu, mutane sun kakkaɓe tsofaffin rediyoyinsu, mai gyaran rediyo ya sake zama abin nema. Yaron da gona ta kuɓuce wa yana bukatar sana'ar da zai ɗauka a jaka ya tafi da ita duk inda ya sami kansa. Mita ɗaya ta awon wuta, da ƙarfen liƙi, da dalma, da dokar Ohm a ka, duk jaka ɗaya ta ɗauke su.

Saboda haka ina roƙon abu uku. Na farko, mu haɗa wa makarantar nan akwatunan gwaji guda 20, kowanne da ɗan allon gwaji mai ramuka, da rizistoci, da ƙwayayen el-i-di, da makunni, da batir, da waya, sa'an nan kowane akwati biyu su raba mita ɗaya. Duk ana samun su a kasuwar Sabon Gari ta Kano. Na biyu, kada a kulle su a sito don gudun lalacewa. Ƙwan da ɗalibi ya ƙona ya koya masa abin da wanda ke cikin kwali ba zai taɓa koya masa ba. Na uku, waɗanda ke wannan fanni a cikinmu, ko injiniya ko mai rumfa, kowa ya ba da Asabar ɗaya a zango, a kuma buɗe ƙofa ga yaran gari masu haɗa sola, ko da ba ɗalibai ba ne. Ni na ɗauki akwati biyar na farko da Asabar ta farko, sakatare ya rubuta, ku kuma shaida ne.

Hausawa sun ce rashin sani ya fi dare duhu, 'yan'uwanmu na Babban Duhu su yi mini afuwa, ba da su nake ba. Malam, akuyar mahaifina dai ta tafi, amma layin nan ɗaya da ka rubuta mini a allo ya biya ta, ya aurar da ni, ya kuma sa 'ya'yana a makaranta. Allah Ya saka maka da alheri, kai da sauran malamanmu, Ya jiƙan waɗanda suka rigaye mu, Ya zaunar da ƙasarmu lafiya, Ya mayar da kowa gidansa lami lafiya.

Na zo da batir da rizistoci da ƙwayaye a cikin jakar nan. Duk mai son ya kunna fitilarsa ta farko da hannunsa, ya same ni a gindin bishiyar da ke gaban ɗakin nan bayan an tashi.